Dantong: A Cikin Ƙasa Yake Ko a Cikin Jirgi?

Zuwa ga Kaka Ladi, mai filin shawarwari,

Ki taimake ni, 'yar'uwa, don na kai inda wayona ya ƙare, ni da mutane suke cewa wayo ya yi mini yawa. Ina gaishe ki a cikin sunan Ubangijinmu. Ki yi haƙuri da rubutun, hannun tsohuwa ne, kuma da girmana na koya a ajin mishan, inda malamin ya ce da hannuna yana gudu kamar bakina da tuni na zama akawu. Sunana ba zan sa ba, ko da yake duk wanda ke zaune a unguwar Ali Kazaure in aka karanta masa layi uku zai ce ai wance ce. To, su ce. Ba yau aka fara yi da ni ba, kuma da can ni nake fara yi da su.

Ni Kirista ce, asalinmu wani ƙauye ne a bayan Bukuru. Mijina ya kawo ni Jos lokacin da ya sami aikin gadi, ya rasu ya bar ni a ɗaki biyu cikin gidan haya, mu da Hausawa da Yarbawa. Cikin 'ya'yan da na haifa namiji ɗaya ne ya rayu, shi ma shekarar sanƙarau ta ɗauke shi tare da matarsa, suka bar mini yaron da ko yaye shi ba a gama ba. Shi ne Dantong. Ni na goya shi, ni na tauna masa abinci, da cinikin tumatir da dankalin da nake kasawa a kasuwa na ɗinka masa wandonsa na farko. Kin san wasan kaka da jika. Tun yana yawo tsirara nake ce masa maigida, ina tambayarsa wane irin miji ne wannan da bai taɓa ba da kuɗin cefane ba, sai dai ya sa hannu ya kwashe na cikin tukunya. Da ya girma sai ya iya ramawa. Yakan ce shi ai ya sallame ni tun tuni, saƙon ne bai iso ba, don ina shi ina mace mai haƙori huɗu. Ƙarya yake yi, shida ne.

Ya yi aure, ya kawo Firisila, 'yar wani dattijon ikkilisiya daga wajen Vom. Yarinya ce shiru-shiru mai kunya, irin wadda in kika tsokane ta sai ta rufe fuska da gefen zane kafaɗunta suna rawa. Suna da 'ya ɗaya, Chundung, yanzu take koyon magana. Shi kuwa aikin kuza yake yi, lebura ne a wani bariki kusa da Bukuru. Can yake kwana, ran Asabar ya zo gida da ɗan nama a takarda da ƙaryarsa cike da baki, Litinin da sassafe ya koma.

A daminar da ta wuce, cikin Agusta, aka yi kwanaki ana ruwa ba ƙaƙƙautawa. Wata Laraba da hantsi gaɓar ramin da suke aiki ta rufta. Mutum uku aka ce ƙasa ta danne. An tono biyu. Na ukun aka yi ta nema, ruwa yana cika ramin ana zuƙewa da inji yana sake cikawa, daga baya Baturen da ke kula da barikin ya ce a bari kada a ƙara rasa wasu. Yanzu wurin ya zama kududdufi, an ce ruwansa kore ne shar. Helmansu, wato shugaban leburorin, ya zo har gida da hularsa a hannu, ya ce na ukun Dantong ne, shi da idonsa ya gan shi ya sauka ramin da kwano a ka.

Ran da ya zo, kafin rana ta yi tsaka labari ya zaga unguwa. Maƙwabciyata Binta mai ƙosai, wadda muka yi shekara da shekaru muna raba gishiri da tsegumi, ta fito da tabarminta ta shimfiɗa a ƙofar ɗakina. Iya Wuraola mai atamfa ta aiko da nata. Matan Zumunta na majami'armu suka zo da waƙa. Na zauna na karɓi gaisuwa yini guda kamar an dasa kututture, ana magana ina gyaɗa kai.

Washegari wata mata ta zo, ban san ta ba, ashe kunu take sayarwa a barikin. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta matso kusa da kunnena ta ce ita fa akwai abin da ke damunta. Ran Larabar nan da sassafe ta ga wani a hanyar tasha da ƙunshin kaya a kafaɗa, tafiyarsa da tsayinsa kamar Dantong. Ta kira shi, don mai shan kununta ne, bai waiwayo ba. Ta ce akwai hazo da yayyafi, ta baya ta gan shi, ba za ta rantse ba.

Kaka Ladi, ni rantsuwarta ba ta dame ni ba. Na miƙe a gaban mutane na ce kowa ya ɗaga. Na naɗe tabarmin nan ɗaya bayan ɗaya, na kai wa Binta nata na jingina a ƙofarta. Na ce ba wanda ya mutu a gidan nan, mai sha'awar zaman makoki ya je gidansu ya nemi nasa. Haka na faɗa, bakin nan nawa ba ya shawara da ni kafin ya buɗe. Shugabar Zumunta ta soma ba ni magana, na ce mata in waƙar ce take cin ta, ta tafi da ita kasuwa ko a saya. Suka tashi sumui-sumui suka watse.

Tun daga ranar ba wanda ya san yadda zai gaishe ni. Ki duba fa, muna da gaisuwar kome a ƙasar nan. Akwai ta mai jego, akwai ta mai ciwo, akwai ta wanda ya dawo daga tafiya, akwai ta wanda ɓarawo ya shiga masa, har wanda ya faɗo daga keke ba a rasa abin ce masa. Ni kuwa in sun ce ya haƙuri, sun san zan ce haƙurin me. In sun ce ya labarin Dantong, sun san ba har zuci ba ne, don a ransu sun riga sun binne shi. Sai suka tsaya a kan ina kwana da lafiya lau, su wuce da sauri kamar an aike su ɗebo wuta. Binta ta mai da kaskon suyarta can ɗaya gefen zaure. Har yau tana aiko mini da ƙosai a rufe a kwano, amma ba saƙo, ba ko a ce tana gaisuwa.

Da can in an ci tuwo, yaran gidanmu da na maƙwabta a ƙofata suke taruwa, na Musulmi da na Kirista, in yi ta zuba musu tatsuniya, rabi na gado rabi na ƙaryata. Ni na ba su labarin kurar da ta tuba ta shiga ƙungiyar mawaƙa, aka sa ta tsakanin tumaki biyu, kowace Lahadi ƙungiya tana raguwa murya tana ƙara ƙarfi. Fasto ya aiko a ce mini in daina ɓata yara, bayan wata guda sai na ji shi ya ba da labarin a wa'azi, ya cire sunana. Yanzu iyayen sun hana yaran zuwa, wai kada su dame ni. Ko sun zo ma ban san abin da zan ba su ba. In na ce ga ta nan ga ta nanku sai in ji cikina fayau, kamar rumbun da aka share.

Majami'a ma na daina zuwa. Na gwada sau biyu. In an sunkuyar da kai ana addu'a sai in rasa layin da zan bi. In roƙa a tsare shi a hanya ne, ko in roƙa a karɓe shi? In na fara wannan sai in ji na ci amanar wancan. Allah kuwa ya yi shiru. Ban ce babu shi ba, kada ki fassara ni. Na ce ya yi shiru, irin na maigidan da kina jin tarinsa a ciki amma ya aiko a ce ba ya nan. Ki yafe mini in na yi saɓo, ke kaɗai na faɗa wa, sai kuma duk masu sayen jaridarku.

Ran Asabar nakan ɗaura zanen fita in je tasha in zauna a benci in ga jirgin Kafancan ya sauke mutane. Masu dako sun san ni. Suna ce mini Kaka mai jiran miji, in ce musu e, kuma ya fi ubanninku kyau. Su yi dariya in yi dariya. Sai fasinja na ƙarshe ya fita, mai shara ya fara shara, sannan in tashi in dawo gida.

Amma abin da ya sa na ari alƙalami shi ne Firisila. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nata, amma kamar tana Ikko ina Barno. Takan dafa gwaten acca ta kawo mini, ta durƙusa ta gaishe ni, ta koma. Da nakan ce mata gwatenta ruwa ne da aka nuna wa acca daga nesa, ta yi ta dariya. Yanzu in na faɗa sai ta ce to Kaka, gobe za ta gyara. Ba ta sa baƙin zane ba don na hana. Kwalliya kuma ta daina. Ba ta kuka a gabana, bayan gida take zuwa ta yi, ta wanke fuska ta fito, tana zaton tsufa ya toshe mini kunne.

Wata rana tana tuƙa tuwo ina zaune ina ta zancena, ina cewa ƙila yana Kumasi, ƙila yana Ikko yana tara abin duniya, zai dawo da akwati da keke mu sha mamaki. Sai ta tsai da muciya ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta shigo gidan nan. Ta ce in har yana da rai, to ya tashi ne ya bar ta da 'yarsa ba sallama ba wasiƙa, mijinta kuwa ba haka yake ba. Ta ce ita gara a ce mata ƙasa ce ta raba su da a ce mata ƙafarsa ce. Ta ci gaba da tuƙinta.

Maganar nan ta zauna mini a ƙirji har yau. Ni ban taɓa duban abin ta nan ba. Ni jika mai laifi nake so, muddin yana numfashi. Ko guduwa ya yi, ko wata ya samu a Kumasi, ko kurkuku ya shiga, ya dai zo in zage shi in ja masa kunne in zuba masa tuwo. Ita kuwa abin da nake kwana ina roƙo shi ne abin da zai fi ci mata mutunci. Mu biyu muna son mutum ɗaya a gida ɗaya, kowa tana addu'ar da za ta karya ta ɗaya.

Yanzu ubanta ya aiko da saƙo ta bakin Fasto. Ya ce shi ba ya jayayya da tsohuwa, amma 'yarsa ba za ta ƙare ƙuruciyarta haka ba, ba ita a matan aure ba ita a masu takaba. In mijinta ya rasu, a faɗa a gaban ikkilisiya, a yi addu'a, ta yi zaman makokinta a ɗakin mijinta yadda ya kamata, ta kuma zauna da ni muddin tana so. In kuwa guduwa ya yi kamar yadda nake ta shela, to ba zai bar 'yarsa a gidan da aka wulaƙanta ta ba, bayan Ista zai zo ya tafi da ita da yarinyar. Dattawa suka zauna suka ce ba za su yi addu'ar ba sai da yardata, tun da ni ce uwarsa ni ce ubansa. Fasto ya zo da kansa ya zauna a bakin ƙofa yana ta juya hularsa, kamar yana tsoron in naɗe shi shi ma, ya ce in ba su amsa kafin Ista. Ista kuwa ga ta nan a bakin ƙofa.

In na ce e, ni da bakina na tura masa ƙasa, alhali wata ta ga mai kama da shi a hanyar tasha. In ya dawo fa? Ya tarar kakarsa ta karɓi gaisuwarsa, ta ci tuwon makokinsa? Da wane ido zan dube shi? In na ce a'a, Firisila ta tafi, Chundung ta tafi. Yarinyar nan ita kaɗai ce a gidan da ba ta tsoron bakina. Takan shigo ba sallama ta hau cinyata ta ja mini leɓe ta ƙirga haƙorana. Kunnuwanta na ubanta ne sak, manya kamar faifai. In ta tafi, ni da bango za mu rage.

To wanne ne rashin bangaskiya, in yarda ko in ƙi? An koya mana mai bi ba ya fid da rai. An kuma koya mana mu bar wa Allah nufinsa. Ran Lahadin Ista kowa zai sa fari ya yi waƙar tashi daga matattu, ni ko kabari ba ni da shi da zan tsaya a kai in sa rai.

Kada ki ce mini in yi haƙuri kawai. Ina da shi buhu-buhu, an kawo mini har ya soma ƙwari. Ki faɗa mini abin da zan ce da Fasto.

Taki a cikin Ubangiji,
Tsohuwa mai zaman tasha, Jos.

*

Zuwa ga Tsohuwa mai zaman tasha,

Sannu, 'yar'uwata, sannu ƙwarai. Na gode da kika hana ni aiko da buhun haƙuri, dama nawa ya kusa ƙarewa. In kuma haƙoranki shida ne, to kin fi ni da biyu, saboda haka ki zauna ki saurari babba.

Ban san inda Dantong yake ba, ba kuwa zan yi miki ƙarya in ce na sani. Amma bari mu auna abin da ke hannunmu. Helma ya san shi, tare suke aiki, da rana ya gan shi ya sauka. Mai kunu bayan mutum ta gani a cikin hazo, ta kuma yi gaskiya ta ce ba za ta rantse ba. Ga yaron da bai taɓa fashin Asabar ba, yau tun damina ba wasiƙa, ba saƙo ta bakin direba ko ɗan kasuwa. Ke kika raine shi, kin fi kowa sanin ko mai tafiya ba sallama ne. A ganina maganar helma ta fi nauyi, na kuwa faɗa miki ne don kin ce kada in lallashe ki. Duk da haka ba a ga gawa ba, kuma ba mai ikon sa ki shaida abin da idonki bai gani ba. Jiran da kika yi ba hauka ba ne, ba zunubi ba ne. Duk wadda ta goyi yaro ta san inda ya fito.

Sai dai jiran naki wata ce take biyan rabinsa. Ke kina da benci a tasha da masu dako da za ki zaga. Firisila bayan gida kawai take da shi. Ba ta ce ki daina ƙaunarsa ba, ba ta ce ki manta ba. Abin da take nema shi ne ta yi kukan mijinta a fili, mutane su zo su gaishe ta, kada kuma a riƙa kallonta a matsayin wadda aka guje wa. Wannan haƙƙinta ne. Ubanta ma bai yi laifi ba, sai dai ya yanka maganar gida biyu kamar mahauci, ya manta akwai abin da ke tsakani.

Ga abin da za ki ce da Fasto, kuma ki je ki same shi, kada ki jira ya sake zuwa juya hula. Ki ce ba za ki ce Dantong ya mutu ba, don ba ki gani ba. Ki ce ba za ki ƙara cewa yana Kumasi ba, don shi ma ba ki gani ba. Ki ce kin yarda ikkilisiya ta taru a yi addu'ar danƙa shi a hannun Ubangiji duk inda yake, a ambaci sunansa, a faɗi alherinsa, a kuma faɗa a gaban kowa cewa ganin ƙarshe tabbatacce da aka yi masa a bakin aikinsa ne, yana nema wa iyalinsa abinci. Wannan gaskiya ce, ba wanda za ta sa ya yi ƙarya, kuma ita ce za ta wanke Firisila. Ki bar ta ta sa baƙin zanenta ta karɓi gaisuwa. In ke ba za ki iya amsawa ba, ki zauna kusa da ita ki yi shiru, na san wannan aiki ne babba a gare ki, amma za ki iya. Ina zaton dattawa za su karɓa, ubanta ma haka, musamman in saƙon daga bakinki ya fito. Su kuma dattawan su yanka wa Firisila lokaci. In ya cika tana son ta sake aure, ki zama ta farko da za ta sa mata albarka. Wadda aka saki da hannu biyu ita ce take dawowa da jika ta kwana.

In ya dawo fa, kika ce. To sai a yanka akuya. Ba wanda addu'a ta taɓa kashewa. Zai yi miki tsiya har ƙarshen ranki cewa kin ci tuwon makokinsa, ke kuma ki ce masa gishiri bai ji ba. Wannan kunyar ina roƙon Allah ya ba ki ita.

Neman kuwa kada a bar shi, amma a mai da shi hannun masu ƙafa. Ki roƙi Fasto ya rubuta wa 'yan'uwa a Kafancan da Kaduna da Zariya da Makurɗi, a faɗi kamanninsa har da kunnuwan. Wasiƙa ta fi benci tafiya. Tasha ki rage mata, ki bar masu dako su huta. Na kuma lura kin rubuta wai an ce ruwan kududdufin kore ne. Ashe ba ki taɓa zuwa ba. Kin je tasha ba iyaka, can kuwa ko sau ɗaya. Ki tambayi Firisila ko tana so, in tana so ku nemi dattijo ɗaya ya raka ku. Ba lalle ki ce kome a wurin ba.

Binta ba fushi take yi ba. Mai fushi ba ta yin wata da watanni tana aiko da ƙosai. Tsoron bakinki take ji, kuma tana da dalili. Gobe ki mai da kwanon da kanki, ki ce ta ara miki tabarma, za ki ga sauran maganar ta zo da kanta. Shugabar Zumunta kuwa sai kin ba ta haƙuri sosai, ga inda buhunanki za su yi amfani.

Yanzu zancen shirun Allah. Ba ki yi saɓo ba, kin faɗi abin da da yawa suke ɓoyewa. Tsakanin Juma'ar da aka gicciye Ubangijinmu da Lahadin da ya tashi akwai yini guda da ba mu cika jin wa'azinsa ba. Mu da muka san ƙarshen labari mukan cinye shi da wanki da kitso. Amma waɗanda suka bi shi ba su san Lahadi tana zuwa da wani abu ba. Matan nan kayan ƙanshi na gawa suka haɗa suka ajiye, suka zauna. Ba mu ji sun yi waƙa ba, ba mu kuma ji an tsawata musu don ba su yi ba. Sama ta yi shiru a ranar, alhali ba a taɓa yin aiki irin wanda ake yi a lokacin ba, a inda ido ba ya kaiwa. Ke a wannan Asabar ɗin kike zaune. Ba zan ce miki taki ta kwana ɗaya ce ba, ta wasu takan kai shekaru. Abin da na sani shi ne ba a keɓe suka zauna ba kowa a ɗakinsa, tare suka jira.

Begenmu ba a jirgin Kafancan yake ba, 'yar'uwa. Wanda ya shiga ƙasa ya fito ya san hanyar ramin kuza, ya san ta Kumasi, ba ya kuma bukatar a nuna masa kabari kafin ya gane nasa. In kin rasa layin da za ki bi a addu'a, ki kira sunan yaron kawai ki tsaya. Ya isa. Ran Asabar kafin Ista mata za su je sharar majami'a, ki ɗauki tsintsiya ki bi su, ba mai tambayar mutum waƙa a wurin shara. Ran Lahadi in muryar ta ƙi fita, ki tsaya a cikin sahu na gefenki su rera a madadinki. Don haka aka tara mu da yawa.

Amma kafin Fasto, kafin Binta, yau ɗin nan ki taka ki shiga ɗakin Firisila, kada ki aika a kira ta. Ki zauna a bakin gadonta ki ce mata ke kika raini mijinta, kuma a iya saninki ba mai guje wa iyalinsa ba ne. Wannan maganar daga bakinki take jira, ba daga bakin dattawa ba. In ta fara kuka kada ki ba ta haƙuri, kada ki tsokane ta, ki bar ta ta yi har ya ishe ta. In naki ya zo, shi ma ki bar shi.

Ubangiji ya riƙe ku ukun a gida ɗaya, ya ba ki ƙarfin ƙafa da sanyin baki, ya kai ku Ista lafiya.

Taki,
Kaka Ladi.